Tarihin Awon Jini da Maganin Hawan Jini

Hawan jini yanayi ne da ƙarfin da jini ke tura bangon jijiyoyi da shi yake wuce ƙima, ya kuma zauna a haka. Idan ya daɗe ba a kula da shi ba, yakan kumbura naman zuciya har ta gaza aiki, ya lalata ƙoda, ya raunana gani, ko ya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Mafi yawan masu shi ba sa jin ciwon komai shekara da shekaru, don haka ba a iya gane shi sai da awo. Wannan ya sa tarihin cutar ya bi sawun tarihin na'urar da ke auna ta. Sai da likitoci suka iya awo, sannan suka shafe shekaru suna jayayya a kan ko lambar da suka gani cuta ce, daga baya suka samo magani, daga ƙarshe kuma aikin ya fita daga asibiti ya shiga gidajen mutane.

Zamanin taɓa jijiya

Likitocin dauri ba su da abin awo sai yatsunsu. A ƙasar Sin, da Girka, da ƙasashen Musulmi, taɓa jijiyar wuyan hannu na daga cikin abin da ɗalibin likitanci ke fara koya. Jalinus, likitan Girka da ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 2 na Miladiyya, ya rubuta littattafai da dama a kan bugun jijiya kaɗai. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya keɓe babban sashe a littafinsa Alƙanun yana rarrabe nau'o'in bugu: mai ƙarfi da mai rauni, mai sauri da mai jinkiri, mai tauri da mai taushi. Jijiya mai tauri sun san ba alamar alheri ba ce, kuma abin da suka fi yi mata shi ne rage jini, ta hanyar tsaga jijiya, ko ƙaho, ko ɗora matsattsaku.

Sai dai fahimtarsu game da tafiyar jini ta kauce hanya. Jalinus ya koyar cewa hanta ce ke sarrafa jini daga abinci, gaɓoɓi su shanye shi, wani kaso kuma ya ratsa ta wasu ƙananan huji daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu. Wannan ra'ayi ya yi fiye da shekara 1000 ana karantar da shi. Ibn Nafis, likitan da ya taso a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya fara rushe shi. A sharhin da ya yi wa Alƙanun ya ce bangon da ke tsakanin ɓangarorin zuciya ba shi da huji, jini yana bi ta huhu ne ya gauraya da iska kafin ya dawo ɓangaren hagu. A 1628 William Harvey na Ingila ya kammala hoton. Ya lissafa yawan jinin da zuciya ke fitarwa a bugu ɗaya, ya ninka shi da yawan bugun da take yi a rabin sa'a, ya ga adadin ya fi duk jinin da ke jikin mutum nesa ba kusa ba. Ke nan jinin nan guda ne ke kewayawa, zuciya kuma ita ke tura shi. Daga nan tambaya ta taso: da wane irin ƙarfi take turawa?

Daga goɗiya zuwa damtsen mutum

Wanda ya fara amsa tambayar ba likita ba ne. Stephen Hales limamin coci ne a wani ƙauye kusa da Landan, mai sha'awar gwaje-gwaje. A rahoton da ya buga a 1733 ya bayyana yadda ya kwantar da goɗiya, ya zura bututun tagulla a babbar jijiyar cinyarta, ya haɗa shi da dogon bututun gilashi a tsaye. Jini ya haura har ƙafa 8 da inci 3, yana ɗan hawa yana sauka da kowane bugun zuciya. A 1828 wani ɗalibin likitanci a Faransa, Jean Poiseuille, ya maye gurbin dogon bututun da gajere mai lanƙwasa wanda aka zuba wa zaiba, ruwan ƙarfen nan mai nauyi da ba ya hawa da nisa. Daga gare shi aka gaji ma'aunin da ake amfani da shi har yau, wato tsayin milimita nawa zaiba ta hau. Amma duk waɗannan hanyoyi sai an huda jijiya, don haka ba su dace da majinyaci ba.

Kafin a samu na'urar da ta dace, likitocin asibitin Guy's da ke Landan sun fara hango cutar daga gefe. Richard Bright ya lura, a shekarun 1830, cewa gawarwakin masu ciwon ƙoda galibi suna da zuciya mai kauri. Bayan shekara 40, wani matashin likita a asibitin, Frederick Akbar Mahomed, jikan wani Ba'indiye da ya zauna a Ingila, ya yi amfani da na'urar da ke zana bugun jijiya a takarda, ya nuna cewa jini na iya hawa ga mutumin da ƙodarsa lafiya lau take, kuma sau da yawa hawan ne ke riga ciwon ƙodar zuwa. Zazzaɓin taifot ya kashe shi a 1884 yana da shekara 35, aikinsa kuma ya daɗe ba a waiwaye shi ba.

A 1881 Samuel von Basch a birnin Vienna ya ƙera na'ura mai danna jijiyar wuyan hannu daga waje har bugu ya ɓace. Ba ta cika ba da lamba daidai ba. Gyaran da ya zauna ya zo ne a 1896 daga Scipione Riva-Rocci na birnin Turin a Italiya: roba mai kewaye damtse, ƙwallon hura iska, da bututun zaiba. Likita zai hura iska yana taɓa jijiya, inda bugu ya ɓace nan ne lambar sama, wato ta farko cikin lambobi biyun awon jini. A 1901 Heinrich von Recklinghausen na Jamus ya nuna cewa siririyar roba na ƙara wa lamba tsayi, ya faɗaɗa ta zuwa kimanin santimita 12. A shekarar ce kuma likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka, Harvey Cushing, ya ga na'urar a Italiya ya kai ta ɗakunan tiyata na ƙasarsu.

Lambar ƙasa ta samu ne daga wani likitan sojan Rasha, Nikolai Korotkoff, wanda ya yi jinyar masu raunin jijiya a yaƙin Rasha da Japan. A 1905 ya gabatar da gajeren rahoto a makarantar likitocin soja da ke birnin Saint Petersburg. Ya ce idan aka ɗora abin sauraren ƙirji, wanda René Laennec ya ƙirƙiro a Faransa a 1816, a ƙasan robar, aka riƙa sassauta iska a hankali, za a ji ƙwanƙwasa ta fara, daga baya ta ɗauke. Inda ta fara shi ne ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matse, inda ta ɗauke kuma lokacin da ta saki. Waɗannan ne lambobi biyun da ma'aikacin lafiya ke rubutawa, ɗaya a kan ɗaya, kamar 120/80.

Lamba ta samu, fassara ta gagara

Masu kamfanonin inshorar rai na Amurka sun riga likitoci ganin amfanin lambar, domin kuɗinsu ne ke tafiya idan wanda suka yi wa inshora ya mutu da wuri. John Fisher, babban likitan kamfanin Northwestern Mutual, ya sa a riƙa auna masu neman inshora, kuma a 1911 ya buga sakamakon da ya nuna masu babbar lamba sun fi saurin mutuwa. Manyan ƙididdigar da kamfanonin suka haɗa a 1925 da 1939 da 1959 duk sun tabbatar da haka, har ga waɗanda lambarsu ta ɗan ɗaga kaɗan.

Manyan likitoci ba su gamsu ba. Ra'ayin da ya fi rinjaye har zuwa shekarun 1940 shi ne cewa jijiyoyin tsoho sun ƙanƙance, dole jini ya ƙara ƙarfi kafin ya isa ƙoda da ƙwaƙwalwa, rage shi kuwa na iya zama illa. Paul Dudley White, wanda ake ɗauka jagoran likitocin zuciya na Amurka a zamaninsa, ya rubuta a shekarun 1930 cewa mai yiwuwa hawan jini dabara ce ta jiki da bai kamata a taɓa ba. Akwai kuma wata tsohuwar ƙa'ida da ɗalibai ke haddacewa, cewa lambar sama ta daidai ita ce 100 a tara da shekarun mutum, wadda ke nufin ɗan shekara 70 mai 170 ba shi da matsala. Rashin magani mai aminci ya ƙarfafa wannan ra'ayi, don likita ba ya son sanar da mutum cutar da ba shi da abin yi mata.

Labarin shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya nuna inda ilimi ya tsaya. Jininsa ya yi ta hawa tun shekarun 1930 ba tare da wani magani mai tasiri ba. A watan Maris na 1944 wani likitan zuciya na sojan ruwa, Howard Bruenn, ya duba shi ya samu 186/108, zuciyarsa ta kumbura ta fara gazawa. Babban abin da ya iya ba shi shi ne dijitalis, tsohon maganin ƙarfafa zuciya da ake samu daga ganyen wata fure tun 1785, sai shawarar rage gishiri, rage taba da yawan hutu. A ranar 12 ga Afrilu 1945 jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwarsa. An auna jininsa a ranar aka samu kimanin 300/190. Ya rasu yana da shekara 63.

Binciken Framingham

A 1948 magajin Roosevelt, Harry Truman, ya sa hannu a dokar da ta kafa cibiyar binciken cututtukan zuciya ta ƙasa, kuma a shekarar aka fara wani bincike a garin Framingham na jihar Massachusetts. An ɗauki maza da mata 5,209 waɗanda galibinsu lafiyarsu ƙalau, ana duba su duk bayan shekara 2, ana rubuta nauyinsu, awon jininsu, kitsen da ke jininsu da ɗabi'unsu, ana jiran a ga wa zai kamu da me. A 1961 William Kannel da abokan aikinsa suka nuna cewa hawan jini da yawan kitsen jini suna gabatar ciwon zuciya da shekaru, kuma idan suka haɗu haɗarin ya ninka. Wasu rahotannin binciken sun ƙara da shan taba, ciwon suga da ƙiba, sun kuma nuna cewa hawan jini ne babban mai jawo shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya. Sun rushe wasu zato biyu: cewa mata da tsofaffi na jure hawan jini ba tare da illa ba, da cewa lambar ƙasa kaɗai ce abin damuwa. Binciken yana ci gaba har yau a kan 'ya'ya da jikokin mutanen farko.

Daga Framingham likitanci ya koyi duban mutum mai lafiya a ƙiyasta abin da ke jiransa, a kuma nemi kauce masa. Wannan tunani shi ne tushen duk shawarwarin kiwon lafiyar zuciya na yau da kullum.

Neman magani

Magungunan farko sun yi tsanani, shi ya sa aka keɓe su ga waɗanda cutar ta kusa halakawa. Tun daga 1939 Walter Kempner na jami'ar Duke ya riƙa ɗora majinyata a kan shinkafa da 'ya'yan itace da sukari, kusan babu gishiri sam. Jini yana sauka, amma kaɗan ne ke iya jurewa. A Boston, Reginald Smithwick ya shahara da tiyatar yanke jijiyoyin saƙo da ke gefen ƙashin baya, waɗanda ke umartar jijiyoyin jini su matse. Babbar tiyata ce, kuma waɗanda suka tsira da yawa jiri kan ɗebe su da zarar sun miƙe tsaye. A ƙarshen shekarun 1940 aka samu magungunan da ke toshe waɗannan jijiyoyin saƙo ba tare da wuƙa ba, sai dai suna kawo bushewar baki, dishi-dishin gani, taurin ciki da suma.

Wani magani ya fito daga Indiya. Masu maganin gargajiya na can sun daɗe suna ba masu taɓin hankali da marasa barci saiwar wani tsiro da masana ke kira Rauwolfia. A 1949 Rustom Jal Vakil, likita a Bombay, ya buga sakamakon gwada ta a kan masu hawan jini a wata mujallar likitocin zuciya ta Birtaniya, kuma a 1952 kamfanin Ciba na Suwizalan ya tace sinadarin rezafin daga cikinta. Wani ɗan'uwan tsiron yana fitowa a dazuzzukan Afirka ta Yamma, shi ma an yi ta haƙar saiwarsa ana kai wa masana'antun magani. Rezafin na aiki, amma idan aka sha da yawa yakan jefa mutum cikin baƙin ciki mai tsanani.

Sauyi na gaske ya zo a 1957 zuwa 1958, lokacin da kamfanin Merck ya fitar da kulorotayazaid, ƙwaya mai sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa ta fitsari. Ga arha, ga sauƙin sha, kuma danginta na cikin magungunan farko da ake ba mai hawan jini har yanzu. A 1964 James Black na Sikotilan ya samar da furofaranolol, mai rage wa zuciya sauri da ƙarfin bugu. Don ciwon ƙirji ya ƙirƙire shi, sai aka gano yana saukar da jini, kuma aikin na cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1988. A Birazil, Sérgio Ferreira ya gano a shekarun 1960 cewa dafin wani maciji na ƙasar yana ɗauke da sinadarin da ke sa jijiyoyi su saki. Daga wannan ne David Cushman da Miguel Ondetti na kamfanin Squibb suka haɗa kaftofuril a 1975, aka amince da shi a Amurka a 1981. Nifedifin ya fito daga Jamus a shekarun 1970, amlodifin ya biyo baya a farkon shekarun 1990, losatan kuma a 1995.

Samun magani bai kashe jayayya ba, sai da aka gwada. Edward Freis ya jagoranci gwaji a asibitocin tsoffin sojojin Amurka a kan maza 143 masu lambar ƙasa daga 115 zuwa 129. An raba su biyu ta ƙuri'a, kashi ɗaya na shan magani, ɗayan na shan ƙwayar da ba komai cikinta. A sakamakon da aka buga a 1967, mutum 27 cikin waɗanda ba su sha magani ba sun gamu da mummunar matsala, har da mutuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa mutum 2 ne kawai. Kashi na biyu na gwajin, a kan maza 380 masu lambar ƙasa daga 90 zuwa 114, ya fito a 1970 da irin wannan darasi. A 1972 gwamnatin Amurka ta ƙaddamar da shirin wayar da kan jama'a a kan hawan jini. Wani gwaji a 1991 ya nuna cewa saukar da lambar sama ga tsofaffi na rage shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 36 cikin 100. Tun daga nan iyakar da ake kira hawan jini take ta sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana amfani da 140/90, ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka kuwa sun mayar da tasu 130/80 a 2017.

Gishiri, motsa jiki da abincin al'umma

Alaƙar gishiri da hawan jini an fara nuna ta a kan majinyata a Faransa tun 1904. A 1960 Lewis Dahl ya kwatanta al'ummu daban-daban ya ga hawan jini ya fi yawa inda aka fi cin gishiri, musamman arewacin Japan, inda ake cin kifi da ganyayen da aka jiƙa a gishiri, shanyewar ɓarin jiki kuma ta yi katutu. Babban binciken da aka buga a 1988, wanda ya auna gishirin fitsarin mutum fiye da 10,000 a ƙasashe 32, ya samu cewa a tsakanin 'yan ƙabilar Yanomami na dajin Amazon, waɗanda kusan ba sa cin gishiri, jini ba ya hawa ko da mutum ya tsufa. A ɓangaren motsa jiki, Jeremy Morris ya nuna a 1953 cewa kwandastocin bas mai bene na Landan, masu hawa da sauka duk yini, ba su kai direbobin da ke zaune kamuwa da ciwon zuciya ba.

Wurin da aka fara gwada canza al'umma baki ɗaya shi ne lardin Kareliya ta Arewa a ƙasar Finlan, inda mazaje masu jini a jika ke mutuwa da ciwon zuciya fiye da kusan ko'ina a duniya. Mutanen lardin da kansu suka kai kuka ga gwamnati, aka fara shiri a 1972 ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska. An yi aiki da ƙungiyoyin matan gida, da masu gasa burodi, da masu sarrafa nama da madara, aka rage gishiri da man shanu, aka ƙarfafa noman 'ya'yan itace, aka yaƙi taba, aka buɗe rajistar masu hawan jini da ma'aikatan jinya ke bibiya. Cikin shekara 40 mutuwar ciwon zuciya tsakanin maza masu shekarun aiki ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar a 2013, ta kafa dokar da ta ƙayyade gishirin burodi, dunƙulen ɗanɗano da sauran abincin masana'anta, ta fara aiki a 2016. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a yau ita ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya idan an haɗa da na cikin burodi da dunƙule, ya kuma samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako.

Hawan jini a Afirka

A 1929 wani likitan Turawan mulki a Kenya, Cyril Donnison, ya buga rahoto cewa ya auna maza 1,000 a yankin tafkin Victoria ya ga jininsu ba ya hawa da shekaru, kuma bai ci karo da cutar a asibitinsa ba. Daga irin waɗannan rahotanni aka ɗauka cutar ba ta baƙar fata na Afirka ba ce. Bincike na baya ya nuna yanayin rayuwa ne ke magana. Samarin makiyaya 'yan ƙabilar Samburu da suka shiga sojan Kenya jininsu ya ɗaga bayan sun koma abincin bariki, haka kuma 'yan ƙabilar Luo da suka bar ƙauye suka koma Nairobi, cikin 'yan watanni. A Ibadan, Farfesa Oladipo Akinkugbe ya auna mutanen birni da na karkara, ya kuma buga littafi a kan hawan jini a jikin ɗan Afirka a 1972. Wani binciken da aka buga a 1997 ya kwatanta baƙar fata a sassa uku ya samu cutar ga kusan kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka.

Ƙasar Hausa ta shiga wannan tarihi ta hanyar masu jego. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bibiyi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka zo da kumburi da sarƙewar numfashi. Yawan masu wannan ciwo a Zariya ya fi abin da aka sani a wasu ƙasashe sosai, kuma da dama cikinsu jininsu a sama yake. Likitocin sun danganta shi da al'adun jego, wato kunun kanwa mai ɗauke da sinadarin gishiri mai yawa, wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi a Yamai a farkon shekarun 1990 ya samu ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin masu ciwon, kuma aikin da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta daga Kano a asibitoci da dama na Nijeriya ya fi ɗora nauyi a kan talauci, rama da hawan jinin lokacin goyon ciki fiye da al'adun jegon.

An kuma gano cewa magunguna ba sa aiki iri ɗaya ga kowa. Furofaranolol da kaftofuril da danginsu, idan aka sha su su kaɗai, ba su cika saukar da jinin baƙar fata kamar yadda amlodifin da magungunan sa fitsari ke yi ba. Gwajin da Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka 6, wanda aka buga a 2019, ya nuna haɗin magani biyu da ke da amlodifin a ciki ya fi wanda babu shi. Tsarin maganin da Nijeriya ta tsara wa ƙananan asibitoci da amlodifin yake farawa, kuma jihar Kano na cikin wuraren da aka fara aiwatar da shi daga 2020.

Awo ya koma gida

Tun 1940 wasu likitoci biyu a Boston suka koya wa majinyata awo a gida suka ga lambar gida ta fi ta asibiti ƙasa, domin fargabar ganin likita kaɗai na ɗaga jini. Na'urorin lantarki da suka fara yaɗuwa a shekarun 1970 sun kawar da buƙatar abin sauraro, yarjejeniyar Minamata ta 2013 kuma ta sa ƙasashe sun amince su daina ƙera na'urori masu zaiba saboda gubarta. Ƙa'idojin awo a yau sun taso ne daga kurakuran da aka gano cikin ƙarni guda: mutum ya zauna ya huta minti 5, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, damtsensa daidai da tsayin zuciya, robar ta dace da kaurin hannunsa, kada ya yi magana. Ba a yanke hukunci da awo ɗaya, sai an maimaita a ranaku daban-daban. Wanda aka ɗora a kan magani ba ya dainawa don lamba ta sauka, domin maganin ne ya saukar da ita.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce manya masu hawan jini sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma kimanin mutum 1 cikin 5 ne kawai jininsa ya sauka zuwa inda ake so. Na'ura da magani duk sun samu kuma sun yi arha idan aka kwatanta da kuɗin wankin ƙoda ko jinyar shanyewar ɓarin jiki. Abin da shirye-shiryen lafiya na wannan zamani suka fi mayar da hankali a kai shi ne a auna duk babban da ya shiga asibiti ko da wani ciwo ne ya kai shi, a ba ma'aikatan jinya da na lafiyar al'umma damar fara magani bisa tsari guda, a tabbatar magani bai yanke a ƙananan asibitoci ba, a kuma riƙa neman majinyacin da ya daina zuwa.